Abincin Sankara da Garkuwar Jiki: Tambayoyin Majinyata da Masu Jinya

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Makka, Jidda da Madina, wasu a zauren jira na asibiti, wasu a majalisar bayan isha'i, wasu kuma ta saƙon WhatsApp. Kusan dukkansu wuri ɗaya suka dosa: me sankara take ci, kuma me ya hana garkuwar jiki gamawa da ita? Amsoshin na ƙarin haske ne. Hukunci a kan jinyar mutum yana hannun likitan da yake riƙe da fayil ɗinsa.

Da gaske ne sankara sukari take ci?

Da gaske ne, amma ba ita kaɗai ba. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana amfani da gulukos, wato sukarin da yake yawo a jini. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cinye kusan giram 120 a rana. Inda aka rabu shi ne yadda ake ƙona shi. Lafiyayyar ƙwaya, in dai akwai iskar oksijin, takan shigar da sukarin cikin wasu 'yan ɗakuna da ake kira mitokondiriya, ta ƙone shi ƙurmus, ta samu kusan ATP 30, wato 'yan ƙunshin ƙarfin da ƙwaya take aiki da su, daga ƙwayar sukari guda. Ƙwayar sankara kuwa, yawancin sukarin da ta haɗiya raba shi take yi gida biyu, ta ɗauki ATP 2 kacal, ta watsar da saura a matsayin laktet, wani sinadari da yake fita tare da tsami. Tsokar ƙafa ma tana bin wannan hanya idan mutum ya sheƙa a guje numfashi ya gaza masa. Abin mamakin shi ne sankara tana yin haka ko da oksijin yana nan a wadace.

Wani masani Bajamushe, Otto Warburg, shi ya fara lura da wannan a shekarun 1920, kuma har gobe da sunansa ake kiran abin. Shi a ganinsa mitokondiriyar ce ta lalace. Daga baya aka gano cewa a yawancin sankara tana aiki lafiya lau. Dalilin ɓarnar shi ne gaggawa da gini. Ƙwayar da take son rabuwa biyu tana buƙatar sabon bango, sabon kitse, sabon kwafin DNA, kuma gutsattsarin sukarin da ba a ƙone ba su ne kayan aikin. Saboda ribar kowace ƙwayar sukari kaɗan ce, sai ta riƙa haɗiyar mai yawa.

An ce mahaifina kada ya ci komai kafin hoton PET. Me ya haɗa hoto da abinci?

Wannan kwaɗayin na sankara shi ake ɗana mata tarko da shi. Baba zai yi kamar awa shida babu abinci, sai ruwa zalla. In ya iso za a tsaga masa yatsa a duba sukari, sannan a yi masa allurar wani abu mai kama da gulukos, ana ce masa FDG, wanda aka liƙa masa ɗan sinadari mai fitar da haske da na'ura take gani. Daga nan sai a kwantar da shi a ɗaki shi kaɗai kamar awa guda, a ce kada ya yi surutu, kada ya tauna cingam, kada ya yi ta danna waya, domin duk tsokar da ta motsa za ta ja sukarin ta ɓata hoton. Ƙwayoyin da suka fi haɗama su suke cika da shi, sai wurinsu ya haska.

Sinadarin ba ya jira: duk minti 110 rabin ƙarfinsa yake tafiya. Shi ya sa ake haɗa shi a ranar, shi ya sa kuma ma'aikata suke tsananta zancen zuwa a kan lokaci. In Baba yana da ciwon sukari, a faɗa tun ranar da aka ba da alƙawari, don a tsara masa yadda zai yi da insulin ko ƙwayoyinsa.

Kuma ba duk wurin da ya haska ne sankara ba. Ƙwaƙwalwa tana haskawa, mafitsara ma haka. Gyambo, tarin fuka da kumburin ciwo duk suna haskawa, domin sojojin jiki in suna bakin aiki su ma masu cin sukari ne.

To ina sojojin jikin suke har abu ya yi girma haka?

Suna nan, kuma sau da yawa suna cikin ƙullutun ma. Akwai ƙwayoyin T, waɗanda suke gane baƙuwar alama a jikin ƙwaya su kashe ta. Akwai ƙwayoyin NK, masu afka wa duk ƙwayar da ta ɓoye shaidarta. Akwai makrofaj, manya masu haɗiye datti da gyaran rauni.

Ƙwayar T in tana hutu ba ta da ci. Amma da zarar ta gane abokin gaba sai ta kumbura, ta fara rabuwa cikin sauri, ta koma kan hanyar nan ta tsinka sukari da gaggawa, daidai irin ta sankara. Ke nan buƙatarsu ta zo ɗaya a wuri ɗaya. A shekarar 2015 wasu bincike biyu da aka yi a Amurka a kan ɓeraye sun nuna cewa in ƙullutu ya cika zarin sukari, ƙwayoyin T na cikinsa sukan rage fitar da intafiron-gama, ɗaya daga cikin manyan makamansu.

Sai dai labarin bai tsaya a nan ba. A 2021 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt suka auna wa ya fi shan sukari a cikin ƙullutu, ƙwaya da ƙwaya. Suka tarar makrofaj da danginsa ne a gaba, sai ƙwayoyin T, ita kuwa sankara abin da ta fi wawura shi ne gulutamin, ɗaya daga tubalan furotin. Ni a ganina wannan ya isa ya sa mutum ya yi hattara da duk wanda ya taƙaita masa zancen da cewa "sankara ta cinye sukari, sojoji sun mutu da yunwa". Akwai yunwa, amma dattin da yake taruwa a wurin ya fi ta ɓarna.

Wane irin datti?

A ɗauki unguwar da aka gina cikin gaggawa, gida a kan gida, ba a fitar da hanya ba, ba a haƙa kwata ba. Ruwan famfo ba ya kaiwa lungunan ciki, ƙazanta kuma ba ta da mafita. Haka cikin ƙullutu yake. Yana tilasta wa jiki ya shimfiɗa masa jijiyoyin jini, amma jijiyoyin karkatattu ne, masu yoyo, wasu ma ba sa zarcewa ko'ina.

Abu na farko da yake yankewa shi ne oksijin, domin ba ya iya ratsa nama fiye da kamar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita daga jijiya. In ya yi ƙaranci sai wani furotin mai suna HIF ya tashi, ya umarci ƙwayar ta ƙara buɗe ƙofofin sukari, ta kira sababbin jijiyoyi, a wasu lokuta ma ta ƙara ɗaga alamar PD-L1 da take ce wa ƙwayar T ta dakata. Gano yadda ƙwaya take jin ƙarancin oksijin shi ya ba William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Na biyu laktet. A jinin mai lafiya milimol 1 zuwa 2 ne a lita, amma a cikin ƙullutu yana iya ninka haka sau goma ko fiye. Ma'aunin tsami na jini yana wajen 7.4, na tsakanin ƙwayoyin ƙullutu kuwa yakan sauka zuwa 6.5 ko 6.9, kuma saukar lambar tana nufin ƙaruwar tsami. Ga yadda wannan yake karya ƙwayar T. Ita ma tana samar da laktet in tana yaƙi, kuma ƙofar da take fitar da shi tana aiki ne kawai idan na waje bai kai na ciki yawa ba. In waje ya cika, sai nata ya maƙale a cikinta, aikinta ya tsaya cak. Ƙwayoyin NK ma haka tsamin yake kashe musu jiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda yake amfana. Akwai wani rukuni na ƙwayoyin T da aikinsu shi ne tsawatar wa sauran, don kada garkuwa ta afka wa jikin mai ita. Waɗannan suna iya cin laktet su rayu da shi, kamar yadda wani bincike na Jami'ar Pittsburgh ya nuna a 2021. Ke nan masu kai hari suna ramewa, masu cewa a dakata suna ƙiba. Shi kuma makrofaj, in ya ji laktet da ƙarancin iska, sai ya ɗauka rauni ne ya samu jiki, ya shiga aikin jinya: ya taimaka a shimfiɗa jijiyoyi, ya fitar da wani sinadari da yake narkar da arjinin, wani tubalin furotin wanda ƙwayar T ba ta iya rabuwa sai da shi. Bai ci amanar kowa ba, aikin da aka halicce shi dominsa yake yi, a inda bai kamata ba.

Akwai kuma adenosin, wanda yake taruwa daga ATP ɗin ƙwayoyin da suka mutu, yana sa sojoji kasala. Wasu ƙullutun kuma suna rusa tiriftofan, wani tubalin furotin da ƙwayar T take buƙata, da wani sinadari mai suna IDO, dabarar da aka fara ganowa a 1998 a mahaifar ɓeraye, inda take kare ɗan tayi daga garkuwar uwarsa.

In haka ne, in na hana mahaifiyata sukari da shinkafa, ba zan kashe sankarar da yunwa ba?

A'a, 'yar'uwa. Don Allah kada ki yi. Wannan ita ce tambayar da ta sa aka rubuta shafin nan gaba ɗaya.

Jiki ba ya barin sukarin jini ya faɗi, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure hakan. Ko Hajiya ba ta ɗanɗana sukari ba, hanta za ta riƙe shi a wajen 70 zuwa 100 a ma'aunin nan na gida. Daga ina za ta samo? Ta fara da ajiyarta, in ta ƙare sai ta koma kan tsokar jiki, ta narkar da ita ta mai da ita gulukos. Har laktet ɗin da ƙullutun ya zubar hanta tana kwashewa ta sake mai da shi sukari, da ƙarfin majinyaci. Sankara za ta samu rabonta ko ta halin ƙaƙa. Wadda za ta rasa ita ce Hajiya.

Ana ganin wannan a gidajenmu. Tsohuwa tana karɓar kimawi, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, bakinta duk ya yi gyambo, abu ɗaya da ranta yake so shi ne kunun gyaɗa mai ɗan zaƙi ko dabino biyu da madara. Sai 'ya'ya, saboda tsananin ƙauna, su ɗauke kofin, su ajiye mata dafaffen ganye babu gishiri, wai sun gani a bidiyo. Ta kalli kwanon ta juya fuska bango. Bayan 'yan makonni zobe ya fara zamewa daga yatsa, likita ya duba jini da nauyi ya ɗaga zagayen magani na gaba domin jiki ba zai ɗauka ba. Ramar sankara cuta ce mai zaman kanta, tana rage ƙarfin jure magani, tana kuma raunana garkuwar da ake son ta tashi.

Wannan ba izini ba ne na shan lemon kwalba dare da rana. Yawan sukari yana kawo ƙiba, kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta bayyana a 2016 cewa ƙiba tana da alaƙa da sankara iri 13, ciki har da ta hanji da ta mama bayan ɗaukewar al'ada. Ta mama ce ta fi yawa a matan Saudiyya, ta hanji kuma a maza, ga ciwon sukari ya yi katutu a ƙasar. Mai lafiya ya rage cokulan shayinsa tun yanzu. Amma rigakafi daban, jinyar wanda yake ramewa daban.

Azumi fa? An ce wani Bajafane ya ci kyautar Nobel saboda ya gano azumi yana maganin sankara.

Yoshinori Ohsumi ya ci kyautar a 2016, amma a kan gano yadda ƙwaya take cinye tsofaffin sassanta ta sake amfani da su, kuma a kan yis, ƙwayar da take sa burodi tashi, ya yi aikinsa. Bai gwada azumi a kan masu sankara ba. Hasali ma ƙwayoyin sankara suna amfani da wannan dabara su tsira lokacin yunwa.

Azumin Ramadan ibada ce, kuma Allah da kansa Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Wasu majinyata suna iya yi, musamman waɗanda suka gama magani. Wasu kuwa haɗari ne gare su: akwai magungunan kimawi irin su cisplatin da suke taɓa ƙoda in ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ga kuma zafin Makka da kowa ya sani. A tambayi likita tun watan Sha'aban, a kai amsarsa ga malami.

Tunda tsami ne matsalar, kanwa ko bakin soda ba za su kashe shi ba?

Ba za su kai wurin ba. Huhu da ƙoda suna riƙe ma'aunin jini tsakanin 7.35 da 7.45, duk abin da aka sha. Tsamin yana can cikin lungun da jini da kansa ba ya isa sosai. Abin da yawan kanwa ko soda zai jawo shi ne hawan jini, kumburin ƙafa da rikicewar gishirin jiki, wanda yake iya taɓa bugun zuciya. Ruwan da ake tallatawa wai mai kashe tsami, da jiƙon lemon tsami da sassafe, duk hukuncinsu ɗaya a wannan babi.

Likita ya ce za a sa wa mijina maganin garkuwa. Yaya yake aiki, kuma me ya sa aka ce ba kowa yake yi wa ba?

Ƙwayar T tana da birki a jikinta, kamar PD-1 da CTLA-4, kuma sankara ta iya taka shi. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan su suka buɗe wannan fage, aka ba su Nobel a 2018. An amince da ipilimumab a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. Magungunan suna ɗage ƙafar sankara daga birkin. A wasu cututtuka, irin su baƙar sankarar fata da wasu na huhu da ƙoda, akwai mutanen da a da ake ƙirga musu watanni, yau suna shekaru.

Amma sakin birki ba ya ba sojan abinci, ba ya kuma share masa tsami. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a yawancin sankara waɗanda maganin yake yi wa aiki ba su kai rabi ba. In kin duba takardar tahalil, wato sakamakon gwajin jini, za ki iya ganin LDH. Shi ne sinadarin da yake haɗa laktet, kuma a baƙar sankarar fata likitoci sun daɗe da sanin cewa in ya hau, cutar ta fi taurin kai. Yana hawa saboda wasu dalilai da yawa, don haka kada lamba ɗaya ta hana ki barci.

Ki sa ido a kan Alhaji: gudawa mai naci, sabon tari ko haki, ƙuraje, kasala mai tsanani, ko ƙishirwa da yawan fitsari. Garkuwar da aka saki tana iya taɓa hanji, huhu ko maƙoshi, a wasu 'yan ƙalilan ma takan jawo ciwon sukari farat ɗaya. A kira asibiti a ranar, kada a jira alƙawari na gaba.

Akwai maganin da yake toshe wa sankara hanyar abinci?

Akwai, wasu ma tsofaffi ne. Tun 1948 Sidney Farber a Boston ya ba da rahoton yaran da sankarar jininsu ta lafa da maganin da yake toshe folet, wani bitamin da ƙwaya take buƙata don rabuwa, kuma ɗan'uwan wannan magani, methotrexate, har yau ana aiki da shi. Asparaginase yana share wani tubalin furotin daga jini wanda ƙwayoyin sankarar jinin yara ba sa iya haɗa wa kansu. A 2017 da 2018 aka amince da enasidenib da ivosidenib ga masu sankarar jini da suke da canji a sinadarin IDH. A lura: kowanne wata ƙofa guda yake rufewa a wata cuta guda, bayan gwaji ya nuna tana da wannan rauni.

An kuma sha ƙasa. Epacadostat, mai toshe IDO, an sa masa rai ƙwarai, amma a 2018 gwaji a kan mutum sama da 700 ya nuna bai ƙara komai ba. Metformin na masu ciwon sukari, an gwada shi a kan majinyata sama da 3,600 masu sankarar mama, sakamakon 2022 ya nuna bai hana ta dawowa ba. Masu toshe adenosin da laktet suna matakin gwaji.

Habbatus sauda, zuma da nonon raƙumi fa?

Zamzam da addu'a ba su taɓa cin karo da magani ba. Zuma da habbatus sauda gwargwadon yadda ake ci a abinci ba laifi ga yawancin mutane. Abin da ake gudu shi ne a ajiye maganin asibiti dominsu, ko a riƙa ɗura kwalabe ba tare da likita ya sani ba, alhali hanta tana fama da kimawi. Ɗanyen nonon raƙumi na bakin hanya kuwa a bar shi: yana ɗauke da cutar burusela, kuma tun bayan ɓullar cutar MERS a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya take gargaɗi a kansa da kuma fitsarin raƙumi, musamman ga masu raunin garkuwa. In ana so, a tafasa nonon.

To ni mai jinya, me zan yi da hannuna?

Ki ciyar. Ƙwai, kaza, kifi, ful, alale, nono, kunun gyaɗa, farfesu, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, domin babban faranti yana kashe sha'awar ci. A hau sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta. In mai kilo 60 ya zubar da kilo 3 ba da niyya ba, a faɗa wa likita, a nemi ganin masanin abinci na sashen.

A kuma riƙa motsawa. Wani gwaji da aka wallafa a 2025, a kan mutum 889 da suka gama jinyar sankarar hanji, ya nuna waɗanda aka ɗora a kan tsarin motsa jiki sun fi tsira daga dawowar cutar. Tafiya ce mafi yawansu suka yi. Bayan magariba ko bayan asuba, in rana ta yi sanyi, ya wadatar a fara.

Mai ciwon sukari ya ƙara yawan dubawa a kwanakin kimawi, domin dexamethasone da ake bayarwa don hana amai yana ɗaga sukari sosai. Sannan a ajiye ma'aunin zafi kusa da gado. In zazzaɓi ya kai 38 a lokacin da ake karɓar kimawi, kada a ba da Panadol a jira gari ya waye. A ɗauki katin asibiti a tafi sashen gaggawa, ko ƙarfe nawa ne.